Satin da Na Bar Baba Na Shiga Jirgin Ruwa

Kafin ku fara zagina, bari na faɗa da bakina. Eh, na bar mahaifina kwance, ko hannun dama ba ya iya ɗagawa, na shiga jirgin ruwa na tafi shan iska har kwana bakwai. Duk abin da za ku faɗa Gwaggo Khethiwe ta riga ku, ita har a ƙofar coci ta faɗa. Don haka ku gyara zama kawai ku ji yadda aka yi.

Zamokuhle ne sunana, amma duk unguwarmu ta Umlazi a Durban, Zamo ake ce mini. Shekarata ashirin da bakwai. Shekara uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, wata biyar bayan rasuwar Mama. Lokacin ina makarantar horon malamai, saura mini shekara biyu. Na dawo gida da ƙaramar jaka, a zatona sati biyu zan yi.

Tun daga ranar, ƙarfe biyar na asuba nake tashi in juya shi. In yi masa wanka, in shafe masa baya da mai, in dama kunun masara, in ba shi magani, in wanke zanen gado. Kalma uku ce ta rage a bakinsa: "Zamo", "shayi", da "a'a". Ta ukun ya fi amfani da ita.

Yayana Sibonelo yana Johannesburg. Sai Kirsimeti yake zuwa da buhun shinkafa da kaji, ya ɗauki hoto da Baba, ya koma. Gwaggo Khethiwe kuwa, ƙanwar Baba, duk Lahadi take zuwa ta zauna a kujerar Mama, ta shafa teburi da yatsa ta duba ko akwai ƙura.

Sai kuma Lungelo.

Gyaran keken marasa lafiya yake yi a asibiti. Birkin keken Baba ne ya kawo shi gidanmu, aikin minti goma, amma sai da ya sha shayi kofi biyu. Bayan sati ya dawo wai duba taya. Tayar lafiyarta ƙalau. Wata takwas da suka wuce, muna tsaye a bayan gida ina shanya, ya ce yana so ya turo kawunnansa.

Da na gaya wa Gwaggo, ko kallona ba ta yi ba.

"Ki yi aure, wa zai riƙe mini ɗan'uwa? Ni da wannan gwiwar? Idan yana sonki ya jira."

"Har yaushe, Gwaggo?"

"Au, kwanakin ubanki kike ƙirgawa?"

Ban ƙara tada maganar ba. Lungelo na ce masa ya ba ni lokaci. Ya ce to. Bai fasa zuwa duba tayar ba.

Wata Lahadi da yamma sai ga ƙawayena biyu tun na firamare. Thobeka mai shagon gyaran gashi, wadda ake jin muryarta tun daga kwanar layi, da Nolwazi ma'aikaciyar jinya, wadda sai ta yi awa ba ta ce uffan ba. Thobeka ta jefa mini ambulan a cinya.

"Buɗe, matar gida."

Tikiti ne da sunana. Jirgin yawon shaƙatawa, daga Durban zuwa gaɓar Mozambik, kwana bakwai.

"Kun haukace ne? Baba fa?"

"Baba yana da ɗa namiji mai ƙafa biyu da hannu biyu," in ji Thobeka. "Na kira shi."

"Kin kira Yaya Sibo?"

"Na ce masa ko ya ɗauki hutu ya zo, ko in hau motar haya in je har ofishinsa in tsaya a ƙofa in ba abokan aikinsa labari. Ya san halina. Ranar Asabar zai iso."

Nolwazi ta kama hannuna ta juya shi. Duk ya tsage saboda sabulu da ruwan sanyi.

"Yaushe rabonki da barci har rana ta fito?" ta tambaya.

Na janye hannuna na ɗauki tikitin.

Ranar tafiya na manna takarda shafi huɗu a jikin firji. Lokacin magani, yadda ake ɗaga shi, kaurin kunu, cokalin da yake so. Yaya Sibo ya karanta layi biyu ya yi dariya.

"Haba Zamo, sai ka ce jirgin sama za ki bar mini. Ubana ne fa."

Na shiga wajen Baba na durƙusa na ce zan tafi. Ya kalli akwatina, ya kalle ni, sai ya juyar da fuska bango. Na kira shi sau uku bai waiwayo ba. Da ba don Thobeka ta ja ni har mota ba, da a nan tafiyar ta ƙare.

Muna shiga ɗakinmu a jirgi, ɗan ƙarami mai gado uku da taga zagayayya, Thobeka ta miƙo hannu.

"Waya."

"Wace waya?"

"Taki. Lungelo yana da lambar jirgi, idan wani abu ya faru za a neme mu. Sai ranar Juma'a a Maputo za ki gan ta."

Ta jefa ta cikin ɗan akwatin ƙarfen da ke kabad, ta danna lambobi tana kare su da jikinta. Na zage ta, ta ce ta gode.

Ranar farko ban ga komai ba sai bokiti. Jirgi na lilo, cikina na lilo. Nolwazi ta ba ni ƙwaya da citta, ta jiƙa tawul ta ɗora mini a goshi. Ina kwance ina kallonta ina jin wani iri. Ni ce kwance, wata ce tsaye a kaina. Na ma manta ana yin haka.

Kashegari da na warware muka tafi karin kumallo. Jama'a, abinci! Ƙwai kala huɗu, kifi, abarba, gwanda, burodi mai zafi, har da tuwon masara da miyar tumatir don irinmu da ba ma yarda da abincin da ba mu sani ba. Muna gamawa na tashi na fara tattara faranti, namu da na teburin kusa. Thobeka ta doke mini hannu.

"Ke! Ajiye! Aiki kika zo nema?"

Wata ma'aikaciya ta zo da murmushi ta karɓe su, ta ce, "Hutawa kika zo yi, 'yar'uwa. In ƙaro miki shayi?"

Ta kawo, har da madara a gefe. Na riƙe kofin da hannu biyu, sai ga hawaye. A kan shayi fa. Thobeka ta ce wa mutanen da ke kallonmu, "Ku yi haƙuri, ba ta taɓa ganin madara ba ne."

Amma jikina bai san ina hutu ba. Ƙarfe biyar daidai idona yake buɗewa, in diro daga gado ina lalubar silifas. A safiya ta uku na kasa komawa, na yafa mayafi na hau can saman jirgi. Gari ya fara wayewa, ruwa ta ko'ina, ba gida ba bishiya. Ban daɗe ba na ji su a bayana, Nolwazi da bargo, Thobeka da hular barci tana hamma.

"Idan faɗawa ruwa za ki yi ki bari mu karya tukuna," in ji ta.

Ban yi dariya ba. Abin da zan faɗa muku yanzu, a ranar na fara faɗinsa ga wani mahaluƙi.

"Bara, lokacin sanyi," na ce, "Baba ya ɓata gado sau uku a rana ɗaya. Na uku na gama canzawa ke nan ya ture kwanon kunu a kan sabon zanen. Na fita bayan gida na tsaya wajen famfo. Na ce, Allah ka ɗauke shi. Da bakina na faɗa. Ubana, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙin bas don mu yi karatu."

Na goge fuska na ci gaba.

"Shi ya sa ban ce wa Lungelo eh ba. Ba don Gwaggo ba ne kawai. Mai irin wannan zuciyar, me za ta yi da farin ciki?"

Na jira Thobeka ta yi barkwanci. Ba ta yi ba. Ta cire hular barcin ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Lokacin da kakata take kwance," ta ce, "ni ba sau ɗaya na faɗa ba. Kuma wata huɗu kawai na yi. Ke shekara uku, sau ɗaya? Wallahi ke waliyyiya ce, tashi ki ba mu wuri."

Nolwazi ta lulluɓa mini bargon.

"Zamo, kusan kullum sai na ji wannan maganar a bakin masu jinya. Ba mutuwarsa kike so ba. Barci kike so. Bayan kin faɗa, me kika yi?"

"Na koma na dama wani kunun."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na yi kuka har rana ta fito sosai, suna riƙe da ni, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Daga nan muka koma ɗaki, na kwanta. Sai ƙarfe biyu na rana na farka, miyau har kan matashi, Thobeka ta ɗauke ni hoto tana cewa na ranar bikina ne.

Ranar Alhamis aka sauke mu a ƙananan kwale-kwale zuwa wani tsibiri. Farin rairayi, ruwa garau har kana ganin yatsun ƙafarka. A Durban aka haife ni, amma rabona da shiga teku tun ina 'yar shekara sha biyu. Na sa gajeren wando da rigar Nolwazi mai ruwan lemo na shiga har ƙugu ina ihu.

Thobeka ta ƙi cire sabuwar hular gashinta, mai tsawo har gadon baya, wai hotuna za ta yi. Tana tsaye tana karkace-karkace, igiyar ruwa ta zo ta baya ta yi gaba da ita. Da ta ɗago, kai ƙwal, sai kitson kwana goma. Gashi kuwa ya kama hanyar Madagaska.

"Jama'a ku taimaka! Kayana!"

Wani dattijo mai tumbi ya faɗa ruwa da ƙarfinsa, a zatonsa yaro ne ya nutse. Ya fito yana haki, riƙe da abin da yatsa biyu, yana tambayar ko yana cizo. Na yi dariya har na sha ruwan gishiri. Da muka fito muka ci gasasshen jatan lande da barkono da ruwan kwakwa, Thobeka ta shanya gashin a kan lema tana yi masa faɗa.

Juma'a da hantsi jirgi ya tsaya a Maputo, babban birnin Mozambik. Thobeka ta buɗe akwatin ta miƙo mini wayar. Na kunna. Saƙo sittin da uku. Na zauna a bakin gado na fara da na Yaya Sibo.

Litinin: "Ina safar hannu?"

"Na gani."

"Ya ƙi cin abinci."

"Ya watsa mini kunu a riga. Da gangan ya yi, na ga idonsa."

Talata: "Shafi na uku ya jiƙe, me kika rubuta a ƙasa?"

"Bayana zai karye. Ke kaɗai kike ɗaga shi? Kullum?"

"Zamo ki amsa mana."

Laraba, biyar da minti ashirin na safe: "Zamo."

Sai wani a ƙasansa: "Shekara uku. Ban sani ba. A'a, ƙarya nake, ban so in sani ba ne. Ki yafe mini, ƙanwata."

Alhamis: "Na yi magana da shugabana, za su dawo da ni ofishin Durban ƙarshen wata. Na kuma samo wata mata da za ta riƙa zuwa da safe. Kada ki yi gardama."

Na miƙa wa Nolwazi ta karanta. Thobeka ta leƙo ta kafaɗarta ta ce, "Kai, kunu ya yi aiki."

Na Gwaggo saƙon murya ne, minti shida. Na saurari farkonsa: "Zamokuhle, duk coci ana tambayata, wai 'yar Mkhize ta bar ubanta ta tafi yawon tsirara a teku…" Na kashe.

Lungelo saƙo uku kawai ya turo. Na farko: "Ki huta. Kada ki amsa." Na biyu hoto ne. Baba a kan kekensa a ƙofar gida, an yi masa aski, an sa masa hularsa ta fita, rana na dukan fuskarsa. A ƙasa ya rubuta: "Ina biyowa da safe kafin aiki in nuna wa Yaya yadda ake ɗagawa. Ranar da kika tafi ba fushi Baba ya yi ba. Kuka yake, ba ya so ki gani ki fasa. Na tambaye shi, ya gyaɗa kai."

Na uku saƙon murya, daƙiƙa arba'in. Na danna. Da farko numfashi kawai nake ji, da muryar Lungelo can ƙasa yana cewa, "A hankali, Baba, kamar yadda muka gwada."

Sai muryar Baba, a kakkarye, kowace kalma kamar yana ɗago dutse.

"Zamo… ci… abinci."

Shiru.

"Yi… rawa."

Sai wani sauti da na yi shekara uku ban ji ba. Dariyarsa ce, rabi ta fito rabi ta maƙale.

Ban san sau nawa na saurara ba. Maputo dai ban gan ta ba, su biyun ma ba su fita ba. Muka zauna a ɗan ɗakin nan muna maimaita daƙiƙa arba'in, har Thobeka ta ƙarar da takardar share hanci.

Da yammar ranar aka yi bikin fararen kaya a saman jirgi. Nolwazi ta fito mini da doguwar farar riga mai buɗaɗɗen kafaɗa, ashe tun a gida suka ɗinka mini a ɓoye. Thobeka ta tsefe mini kai ta gyara shi ya tashi sosai, ta sa mini abin wuyan duwatsu ja da shuɗi na mahaifiyarta, ta shafa mini jan baki. Na kalli madubi na ce, "Wace ce wannan?"

"Wata yarinya ce da muka sani da," in ji Nolwazi.

Na yi rawa. Ubana ne ya ce in yi. Na yi har takalmi ya yanke ni, na cire shi na ci gaba. Dattijon da ya ceto gashi ya nemi Thobeka rawa, ta ce sai dai idan ya yi alkawarin ba zai ja ba.

Ranar ƙarshe, jirgi ya juyo gida, na zauna ni kaɗai a inuwa da biro da takardar jirgi. Tunda ciwon Baba ya fara ban taɓa tambayar kaina me nake so ba. Na zaci Lungelo zan rubuta. Shi ɗin ma na rubuta. Amma abin da hannuna ya fara rubutawa a sama shi ne makaranta.

Litinin da safe muka shigo Durban. Muna saukowa da akwatuna cikin turmutsutsu, Thobeka ta dafa ni.

"Ke, kalli can."

Baba ne. A kan kekensa, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci wadda ta yi masa yawa yanzu. Shekara uku bai wuce asibiti ba. Lungelo na riƙe da keken, Yaya Sibo na gefe, ya rame, idanu sun faɗa.

Na yar da akwati na ruga na durƙusa. Baba ya ɗora hannun hagu a kaina, ya shafa, ya kalli fuskata da rana ta ƙona. Sai ya nuna Lungelo da haɓa.

"Asabar," ya ce.

"Asabar me, Baba?"

Yaya Sibo ya yi dariya. "Kawunnan Lungelo. Baba da kansa ya sa rana, da yatsa a kan kalanda."

Thobeka ta rangaɗa guɗa har masu gadi suka waiwayo. Lungelo ya sunkuyar da kai.

"Na ce musu sai an tambaye ki," ya ce. "Ban aika wa kowa ba tukuna."

Na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ina son mutane kamar lokacin ba. Da Zamon satin jiya ce, da ta ce to, ta haɗiye sauran. Na kama hannun Baba.

"Baba, ina son Lungelo, kowa ya ji. Amma makaranta zan fara komawa. Ina so in ƙarasa."

Guɗar Thobeka ta tsaya a tsakiya. Baba ya zuba mini ido.

"Shekara nawa?" in ji Lungelo.

"Biyu."

Ya daɗe yana kallon jirgin. Daga baya ya saki birkin keken ya ce, "Mu je mota, rana tana dukan Baba."

Na rungume ƙawayena. Na fara yi musu godiya. Nolwazi ta ce in je kawai. Thobeka ta ce abin wuyan aro ne, kada in manta.

A mota Yaya ke tuƙi, Baba a gaba, ni da Lungelo a baya. Har muka hau babban titi Lungelo bai kalle ni ba, yana ta danna waya. Sai tawa wayar ta yi ƙara. Shi ne, yana zaune kusa da ni kafaɗa na gugar kafaɗa.

"Wata takwas na jira ban san ranar ƙarewa ba. Shekara biyu mai rana ba za ta gagare ni ba. Amma ki bari kawunnaina su zo su gaisa, kada wani malami ya riga ni."

Na rufe baki da hannu. Ina cikin rubuta amsa motar ta karya kwanar layinmu, Yaya Sibo ya taka birki a hankali.

Gwaggo Khethiwe ce tsaye a ƙofar gidanmu, da kayan coci ranar Litinin, hannu a ƙugu. A gabanta manyan akwatuna biyu, da katifa a naɗe, da tukunyarta.

Baba ya kalli ƙanwarsa, ya kalli katifar. Ya miƙa hannun hagu ya damƙi gwiwar Yaya, ya buɗe baki ya yi magana mafi tsawo da ya yi cikin shekara uku.

"Sibo… juya… motar nan."